An ba ni izinin sauka alhali akwai jirgi a kan titi: kuskuren hasumiya ne?

"Assalamu alaikum, Kyaftin. Ina koyon tuƙin jirgin sama a Amurka, a wani filin jirgi mai hasumiyar kula da sauka da tashi wanda makarantun koyon tuƙi suka yi wa yawa. Makon jiya ina zagayen gwaji ni kaɗai a ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172, hasumiya ta ba ni izinin sauka, ta ce ni ne na biyu bayan wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper. Da na iso bakin titin sauka sai na ga Piper ɗin yana can gaba yana gangarawa, bai fita ba. Na sauka lafiya, ba wanda ya ce mini komai, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Kuskuren hasumiya ne? Da ya kamata in fasa saukar? Kuma da mun yi karo, laifin wa ke nan?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko ƙa'ida ta yarda ƙananan jirage biyu su haɗu a kan titi ɗaya, ko izinin sauka ya ɗaure maka hannu sai ka sauka, da kuma wanda alhaki zai hau kansa idan abu ya ɓaci. Ni malamin tuƙi ne, daga kujerar dama ta ƙaramin jirgi nake kallon lamarin. Abin da zan faɗa game da aikin hasumiya ya fito ne daga ƙa'idojinsu da aka wallafa da kuma abin da kunnena ya saba ji a rediyo. Maganar rediyo da Turanci ake yinta kamar yadda ka sani, ma'anarta kawai zan riƙa kawowa.

Bisa yadda ka kwatanta, akwai yiwuwar ba wanda ya karya ƙa'ida. Da kuma ka fasa saukar, nan ma ba ka yi laifi ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, izinin da jami'in hasumiya ya ba ka hasashe ne na yadda titin zai kasance lokacin da za ka iso. Ya yi lissafi ya ga abin zai yi daidai. Tabbatar da cewa lissafin ya fita kuwa aikin idonka ne, a daƙiƙun ƙarshe.

Tazarar da ƙa'ida ta yarda da ita

Yawancin ɗalibai suna zuwa da tunanin cewa titi na jirgi ɗaya ne, sai ya fita wani ya shigo. Asalin ƙa'idar ke nan, kuma ga manyan jirage masu sauka a bayan juna haka take har yanzu. Amma hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta raba jirage gida uku saboda wannan lissafi. Gidan farko su ne ƙananan jirage masu inji ɗaya da farfela waɗanda nauyinsu bai wuce fam 12,500 ba, tare da jirage masu saukar ungulu. Gida na biyu masu inji biyu da farfela ne a wannan nauyin. Duk sauran suna gida na uku.

Cessna ɗinka ɗan gidan farko ne. Jami'i yana da damar barinka ka tsallake bakin titi muddin na gabanka, in ɗan gidan farko ne ko na biyu, ya riga ya taɓa ƙasa kuma ya yi nisan ƙafa 3,000 daga bakin titin, wato kusan mita 900. Da jirginka mai inji biyu ne, da tazarar ta zama ƙafa 4,500. Akwai sharaɗi: sai da rana, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, kuma sai jami'in yana da alamomi a ƙasa da yake auna nisan da su, kamar mahaɗar wata hanyar gefe da ya san nisanta. Idan na gaban tashi yake yi, dole ya riga ya bar ƙasa kuma ya yi wannan nisan, in kuwa ɗayanku ɗan gida na uku ne, tazarar ta koma ƙafa 6,000. Ƙa'idojin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, su ma sun tanadi irin wannan rangwame da mita 600, 1,500 da 2,400, ga ƙasar da ta zaɓi aiki da shi. A Birtaniya salon daban ne: jami'i zai ce maka ka sauka bayan wane, ya ɗora maka nauyin kiyaye tazarar da kanka.

To, ƙafa 3,000 ta isa? A takarda ta isa har da ragi. Littafin Cessna 172 ya nuna yana iya tsayawa a ƙasa da ƙafa 1,500 daga tsallake bakin titi, idan titin a bushe yake kuma gudun daidai ne. Sai dai ƙwararren matuƙin gwaji ne ya samo wannan adadi, da sabon jirgi da sabon birki. Ɗalibi kan shigo da ɗan ƙarin gudu, jirgin ya ƙi zama, ya yi ta shawagi a saman kwalta. A gudun sauka na kusan kilomita 120 a awa, kana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa goma na shawagi sun cinye sulusin tazarar. A lokacin na gabanka yana rage gudu, yana neman hanyar fita, wataƙila ma ya taka birki ya tsaya cak domin bai gane umarnin da aka ba shi ba. Ƙa'idar tana auna tazarar ne a daƙiƙar da ka tsallake bakin titi. Abin da ya biyo baya ba ta san da shi ba.

Akwai wurin da ake matse tazarar fiye da haka: taron jirage na shekara-shekara a Oshkosh da ke jihar Wiskonsin, inda ake zana manyan ɗigo masu launi a kan titi, a ce wa wannan ya sauka a kan kore, wancan a kan ruwan lemo, jirage fiye da ɗaya suna taɓa ƙasa kusan tare. Ana yin haka da izini na musamman, kuma kowane matuƙi ya karanta tsarin kafin ya zo. Na kawo shi ne don ka ga cewa jirage biyu a titi ɗaya ba shi ne haɗarin ba, muddin kowa ya san da ɗan'uwansa kuma ya san abin da zai yi.

Abin da ke kan jami'in hasumiya

A Amurka jami'i yana iya ba jirage da dama izinin sauka a jere, idan ya ga cewa tazarar za ta samu kafin kowanne ya iso. Shi ya sa aka ba ka izini kana na biyu, wataƙila tun kana gefen fili ba ka ma juyo ba. A ƙasashe da yawa ba haka ake yi ba: za a ce ka ci gaba da gangarowa, a riƙe izinin har sai titin ya zama fili. Wanda ya koyi tuƙi a can ya zo Amurka yakan ɗauka izini yana nufin titi ba kowa, kuma wannan fahimtar tana da haɗari a filin da kake.

Ka tsaya ka duba abin da mutumin nan yake riƙe da shi a kansa. Jirage shida ko bakwai suna zagaye, kowanne da gudunsa: Cessna a kilomita 120, Cirrus a kusan 150, ga ƙaramin jet yana shigowa kai tsaye da gudun da ya haura 200. Wasu uku suna layin tsayawa suna jiran tashi, kuma dole ya cusa su a tsakanin masu sauka. Rabin matuƙan ɗalibai ne. Wannan ya juyo da wuri ya matse na gabansa, wancan ya ce zai taɓa ya tashi sai ya canja shawara ya tsaya, wani ya wuce hanyar fita yana tafiya a hankali zuwa ta gaba. Filayen da ƙananan jirage suka fi yawa, irin Deer Valley a Finiks ko Centennial kusa da Denba, sukan haura sauka da tashi 300,000 a shekara. Na'urar ASDE-X mai nuna duk abin da ke motsi a ƙasa kuma ta yi ƙara idan ta hango karo, a manyan filaye 35 aka kafa ta. A yawancin filayen koyo, jami'i da idonsa da tabarau mai hangen nesa yake aiki, da kuma abin da ya tuna ya faɗa wa kowa.

Ina girmama mutanen nan ƙwarai, kuma na sha ganin sun kwance kullin da ban zaci zai kwantu ba. Amma ɗan'adam ne yake tunawa, kuma ɗan'adam yana mantuwa.

Inda haɗarin ya fi yawa

Saukar da ka yi bayan jirgin da kake gani da idonka tana cikin mafi sauƙin nau'in cunkoson titi. Wanda ke kashe mutane shi ne jirgin da ba a san yana wurin ba. Hukumomi suna kiran wannan kutse kan titi: jirgi ko mota ko mutum ya kasance a yankin sauka da tashi ba bisa ƙa'ida ba. A Amurka ana samun fiye da 1,500 a shekara. Mafi yawansu ba su kai ga wani abu ba, amma fiye da rabi kuskuren matuƙa ne, kuma a cikin waɗannan, matuƙan ƙananan jirage ne suka fi yawa. Wato mu.

Wuri na farko shi ne layin tsayawa, layuka huɗu masu ruwan ɗorawa, biyu miƙaƙƙu biyu tsinke-tsinke, da jan allo mai farar lamba a gefe. Idan miƙaƙƙun ne a ɓangarenka, ba ka da ikon ɗora ko hancin jirgi a kansu sai da izini. Kowane ɗalibi ya haddace wannan. Abin da ke sa a tsallake ba jahilci ba ne. Na sha zama kusa da ɗalibi muna gangarawa a ƙasa, kansa a sunkuye yana saita mitar rediyo ko yana shafa taswira a kwamfutar hannu, ƙafarsa ba ta kan birki, jan allon yana matsowa ta gilashin dama. Nakan bar shi zuwa inda na san zan iya tsayar da jirgin, in taka birki da kaina, in ce ya ɗago kai ya gaya mini abin da ke gabansa. Fuskarsa takan canja, domin ya rantse yana kallon hanya. Tun daga shekarar 2010, a Amurka dole a ba ka izini na musamman a kan kowane titi da za ka tsallaka, ko da ba a aiki da shi a ranar. Umarnin tafiya zuwa wani wuri bai ƙunshi tsallaka komai ba.

A filin Linate na Milan, ranar 8 ga Oktoba 2001, ƙaramin jet ƙirar Cessna Citation ya bi hanyar da ba ita aka ba shi ba cikin hazo mai kauri, ya shiga titi daidai lokacin da MD-87 na kamfanin SAS yake gudun tashi. Mutum 118 suka mutu. Babu radar ƙasa mai aiki a filin a lokacin, alamomin hanya ba su cika ƙa'ida ba, kuma jami'in ya ɗauka jirgin yana wani wuri daban.

Wuri na biyu, kuma wanda ni ya fi tayar mini da hankali, shi ne lokacin da aka ce ka hau titi ka jira. A lokacin ka juya baya ga duk mai saukowa, ba ka da madubi, ba ka ganin komai sai titi a gabanka. Ranar 1 ga Fabrairu 1991 a Los Anjeles, an ce wa ƙaramin jirgin fasinja na SkyWest ya hau titi na 24 na hagu daga wata mahaɗa ya jira. Hankalin jami'ar ya tafi kan wani jirgin da ya ɓace mata a rediyo, ta manta da shi, ta ba Boeing 737 na USAir izinin sauka a wannan titin. Dare ya fara, fitilun ƙaramin jirgin sun saje da fitilun titi. Mutum 35 suka rasa rayukansu, ciki har da duka 12 da ke ƙaramin jirgin. Bayan haka an taƙaita sa jirgi ya jira a mahaɗa da dare, kuma a yau, a filin da ba shi da na'urar gargaɗi, ba a ba mai saukowa izini muddin akwai wanda ke jira a kan titin. Duk da haka abin bai ƙare ba. A filin Haneda na Tokiyo, ranar 2 ga Janairu 2024, jirgin masu tsaron gaɓar teku ya hau titi alhali an ce ya tsaya a layi, A350 na kamfanin jiragen Japan ya sauka a kansa. Biyar daga cikin mutum shida na ƙaramin jirgin sun mutu, duka 379 da ke babban sun tsira.

Binciken FAA ya nuna cewa a irin waɗannan abubuwa, jirgin da ke jira yakan yi minti biyu ko fiye a kan titi kafin abin ya auku. Don haka idan ka hau titi ka yi daƙiƙa 90 ba ka ji komai ba, kuma ba a gaya maka dalilin jinkiri ba, danna rediyo ka ce kana kan titi kaza kana jira. Kada kunya ta hana ka. Ka kunna duk fitilunka in za ka hau, ka bar fitilar sauka sai an ba ka izinin tashi. Da dare ka ɗan kauce daga layin tsakiya kamar ƙafa uku, don fitilunka su bambanta da na titi. Kuma ka kasa kunne ga lambar titinka a bakin kowa: in ka ji an ba wani izinin sauka a titin da kake zaune a kai, kai ne ya kamata ka fara magana.

Tituna biyu a jere

Idan filinku yana da titin hagu da na dama, wannan sashen naka ne musamman. A Centennial, ranar 12 ga Mayu 2021, wani Cirrus SR22 da aka ba titi na 17 na dama ya shigo kwanar ƙarshe da gudun da ya wuce kima. Kwanar ta yi faɗi, ya zarce layinsa ya shiga na titin hagu, ya yanke bayan wani jirgin kaya ƙirar Metroliner. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu: Cirrus ya sauko da lemar ceto da aka haɗa a jikin jirgin, mai jirgin kayan ya sauka da rufin jirginsa a yage. Jiragen biyu suna kan mitar rediyo daban-daban, kowanne da jami'insa, don haka ba sa jin juna.

A filin Las Begas ta Arewa, ranar 17 ga Yuli 2022, ba a yi wannan sa'ar ba. An ba wani Piper titi na 30 na hagu, an maimaita umarnin daidai, amma jirgin ya miƙe kan na dama, inda malami da ɗalibinsa suke saukowa a Cessna 172. Duka mutum huɗu sun mutu. Ka lura da ƙirar jiragen: Piper fiffikensa a ƙasa yake, yana rufe wa matuƙi abin da ke ƙarƙashinsa, Cessna kuma fiffikensa a sama, yana rufe abin da ke bisa kansa, musamman a kwana. Idan mai fiffike ƙasa yana saukowa ta saman mai fiffike sama, suna iya tafiya tare har su haɗu ba wanda ya ga wani. Saboda haka nake sa ɗalibaina su ɗan ɗaga fiffike su leƙa kafin kowace kwana, kuma da zarar sun miƙe kan titi su karanta lambar da aka rubuta a kwalta da babbar murya, da harafinta, su gwada da abin da aka ba su. Baki yana iya maimaita "hagu" alhali ido da hannu sun tafi dama, domin titin dama ne ya fi faɗi ko shi aka saba sauka a kai.

Rediyo

Mitar hasumiya mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Idan biyu suka danna tare, sauran sai su ji ƙara ko guntun magana, masu maganar kuma ba su san an toshe su ba. Hakan yana cikin abin da ya faru a Tenerif ranar 27 ga Maris 1977, inda Boeing 747 biyu suka yi karo a kan titi, mutum 583 suka mutu: gargaɗin da zai iya tsayar da ɗayansu, jirgin kamfanin KLM, ya haɗu da wata maganar ya ɓace. A filin koyo akwai ƙarin matsala, domin jiragen makaranta ɗaya lambobinsu sukan yi kama, harafi ɗaya ko lamba ɗaya ce ta raba su. Ɗalibin da ya daɗe a layi yana jiran izini, kunnensa a shirye yake ya ji sunansa, sai ya karɓi na wani. Maganinsa shi ne ka maimaita kowane umarnin tsayawa, hawa, tsallakawa, tashi da sauka da lambar titi da cikakkiyar lambar jirginka. In ka yi shakka ko kai ake nufi, ka tsaya ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma jami'i ya fi son ya maimaita sau biyu da ya cika takardar rahoto.

Haka nan kana da ikon cewa ba za ka iya ba. Idan aka ce ka tashi nan take domin akwai mai saukowa kusa, kai kuwa ba ka gama shiri ba, ka ce ba za ka iya ba, ka zauna a bayan layi. Idan aka ce ka sauka ka tsaya kafin mahaɗar wani titi, matuƙi yana da damar ƙi, ɗalibin da ke tuƙi shi kaɗai kuwa bai kamata ma ya karɓa ba.

Da ya kamata ka fasa saukar?

Ban ga abin da ka gani ba, kuma nisan Piper ɗin a daƙiƙar da ka tsallake bakin titi shi ne zai raba gardama. Amma ga yadda nake koyarwa. Kafin ka kai ƙafa ɗari biyu ko uku daga ƙasa, ka riga ka amsa wa kanka tambayoyi: ina na gabana yake, yana tafiya ko ya tsaya, gudu na daidai ne, kuma in ya tsaya cak a inda yake yanzu zan iya tsayawa kafin in kai shi ba tare da na ƙona birki ba? In amsar ta ƙarshe ba "e" ba ce kai tsaye, ka fasa. Ba sai an ba ka izini ba, kuma izinin sauka bai taɓa zama umarnin dole ba. Ga ɗalibi mai tuƙi shi kaɗai ina ƙara matse ma'aunin: in zuciyarka ta yi ɗar, wannan kaɗai ya isa dalili. Zagaye ɗaya minti biyar ko shida ne.

Fasa sauka kansa yana da nasa haɗarin idan an yi shi a firgice, shi ya sa nake so a yi ta gwada shi har hannu ya saba. Ka tura totur har ƙarshe, ka riƙe hanci kada ya ɗaga da yawa, domin jirgin da aka saita don sauka yana son cilla hanci sama da zarar ya sami wuta. Ka taka fedar dama mai juya hancin jirgi gwargwadon buƙata, ka rage filaf, wato sashen bayan fiffike da ake saukarwa lokacin sauka, mataki-mataki yadda littafin jirgin ya ce, kada ka kwashe shi gaba ɗaya kana kusa da ƙasa. Idan dalilin fasawar jirgi ne mai tashi a ƙarƙashinka, ka ɗan kauce gefe, galibi dama tunda a hagu kake zaune, don ka riƙa ganinsa, domin shi ma sama zai yi kuma zai shigo inda hancinka ya rufe. In akwai wani titi a damanka, kada kaucewar ta kai ka cikin layinsa. Sai jirgin ya daidaita yana hawa sannan ka gaya wa hasumiya ka fasa. Na ga ɗalibai da yawa suna neman maɓallin rediyo kafin totur, kuma wannan ne nake gyarawa da wuri.

In kuma ka sauka, ka tuna akwai wani a bayanka yana yi maka irin lissafin da ka yi wa Piper. Kada ka tsaya a kan titi. Ka fita ta hanyar farko da gudunka ya ba ka dama ba tare da ganganci ba, ka tabbata wutsiyarka ta tsallake layukan nan huɗu gaba ɗaya, sannan ka tsaya ka yi sauran hidimarka.

Laifin wa?

Dokar Amurka ta ce matuƙin da ke riƙe da jirgi shi ne mai alhakin ƙarshe a kansa, kuma muddin yanayi ya bari a gani, wajibi ne kowa ya duba ya kauce wa wani, ko akwai hasumiya ko babu. Jami'i kuma yana da nasa wajibin na samar da tazara a kan titi da sanar da kai jiragen da ke kusa. Da ya bar ka ka tsallake bakin titi da tazarar da ba ta kai ƙafa 3,000 ba, ba tare da ya ce ka fasa ba, wannan kuskurensa ne. Da ka ga jirgi a gabanka da rana tsaka ka ci gaba har ka buge shi, masu bincike za su tambaye ka dalilin da ya hana ka fasawa, kuma cewa an ba ka izini ba zai wadatar ba. A haɗarin Centennial da na Las Begas ta Arewa, hukumar bincike ta NTSB ta ɗora babban dalili a kan matuƙin da ya bar layinsa, ta kuma ambaci gazawar hasumiya wajen ba da bayanin jiragen da ke kusa. Haka yawancin rahotannin suke fitowa, hannu fiye da ɗaya a ciki. Hukuncin shari'a da na inshora fage ne na lauyoyi, na bar musu.

Game da ranar taka, ka zauna da malaminka da taswirar filin, ku auna inda ƙafa 3,000 ta faɗa a kowane titi da kuke aiki da shi, ku ga wace hanyar gefe ce ta yi daidai da wurin. In titin yana da baƙaƙen allunan nan masu farar lamba ɗaya a gefe, kowace lamba tana nuna dubban ƙafa da suka rage, su ma za su taimaka. Daga nan za ka san ko Piper ɗin ya wuce wurin ko bai wuce ba. Ku kuma duba wuraren da aka zagaye a taswirar a matsayin masu yawan rikita matuƙa. In har kana ganin tazarar ba ta kai ba, ka rubuta rahoto ga shirin ASRS da hukumar NASA take gudanarwa tun 1976. Ana cire sunan mai rahoto, kuma tura shi cikin kwana goma yana iya kare matuƙi daga hukunci a kan kuskuren da ba da gangan ba. Sannan ka roƙi malaminka ya nema muku ziyarar hasumiyar, yawancinsu suna karɓar ɗalibai idan an tsara. Ka tsaya bayan jami'in a lokacin cunkoso, ka tambaye shi wace alama yake auna tazara da ita a titinku, ka kuma kalli yadda Cessna yake ƙanƙancewa daga can sama idan yana zaune a ƙarshen titi da rana tana bayansa.